Shekarar da Na Goyi Rabi

Na san abin da ake faɗa muku, cewa da ubanku ya yi wayo da yanzu kuna da gidan siminti a Damagaram, wai Nasara ya kira ni aiki na ƙi don tsoro. Ban taɓa tsayawa musu ba, domin magana ce mai tsawo, kuma lokacin da nake da ƙarfin yin ta babu mai zaman saurare. Yanzu ido ya fara gajiya, yayarku Hajiya Rabi ma ta yi furfura, to gara in rubuta muku yadda abin ya gudana, kowa ya karanta ya yanke nasa hukuncin.

A lokacin Nasara ba su daɗe da zama sosai a ƙasarmu ba. Kumandan, babban jami'insu, yana can nesa, mu dai gardi, wato dogarin Nasara, muke gani idan an zo ɗibar mutane aikin dole. Ni ina sabon magidanci, ina noman lambun da mahaifina ya bari a fadamar da ke gabas da Matameye, rake da albasa da ɗan rogo. Iyayena duka sun rasu, ina zaune a gidan ƙanen mahaifina, Baffa Tanko, da matarsa Inna Hassu. Matata ta fari, Hajara, wadda ba ku sani ba sai a suna, zazzaɓi ya kwantar da ita bayan kaka, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Ta bar mini Rabi tana shekara ɗaya da ƴan watanni, ko yaye ba a yi mata ba.

Abin da aka saba shi aka yi. Bayan sadakar bakwai aka ɗauki yarinya aka kai ta Kurni wajen kakarta, Iya Dije, uwar Hajara. Ni ban ce komai ba, don ba a tambaye ni ba, kuma ƴar fari ce, a wancan zamanin ko sunanta ba na faɗa a gaban mutane. Kwana tara da tafiyarta wani mai sayar da igiya ya same ni a kasuwa ya ce Iya na nemana, yarinya ta ƙi cin komai. Na bar albasata a hannun maƙwabci na kama hanya. Da na shiga gidan na tarar da ita kwance a tabarma, wuya ya yi siriri, ido ya faɗa. An gwada kunu, an gwada nonon akuya, an yi mata rubutu, duk ta kawar da kai. Na durƙusa ina gaida Iya, kaina a ƙasa, ina yi kamar ban ga yarinyar ba. Sai na ji abu ya taɓa ƙafata. Ta rarrafo ne ta kama bakin wandona. Mata sun cika tsakar gida suna kallo. Iya ta miƙo mini ƙoƙon kunu da ludayi ba tare da ta dube ni ba. Na ɗiba na kai bakinta, ta sha. Na ƙara, ta sha, har ta kusa shanye ƙoƙon.

Sai Iya ta ce:

"Habu, ɗauki abarka ka tafi da ita. Na binne uwarta, ba zan binne ta ba. In dariya ce a yi maka, ba za ta kashe ka ba."

Da hannunta ta ɗora mini yarinyar a baya, ta ɗaure da majanyin Hajara, ta nuna mini yadda ake ƙulli a ƙirji. Haka na shigo Matameye da la'asar sakaliya, namiji da gemu, da goyo. Masu zaman bakin masallaci suka yi shiru har na wuce, sannan dariya ta ɓarke a bayana.

Baffa Tanko mutum ne mai tsawo, mai saurin fushi, mai saurin hucewa, amma ranar bai huce ba.

"Wa ya taɓa ganin wannan a gidanmu?" in ji shi. "Ƴar fari! Ka miƙa wa Innarka ita tun kafin gari ya gama da mu."

Na miƙa. Rabi ta sandare ta yi ta tsala ihu har numfashinta ya ɗauke. Inna ta yi rarrashi, ta yi waƙa, ta gaji ta dawo mini da ita ta ce:

"Malam, bar shi. Yarinyar nan ta ga uwarta ta tafi, ta ga an kai ta baƙon gida. Shi kaɗai ya rage mata wanda ta sani."

Daga nan kullum da ita nake zuwa lambu. Ina jan jigo tana bayana, idan rana ta yi zafi in shimfiɗa mata buhu a gindin giginya. Na koyi dama kunu, na koyi wankin ɗuwawu, na koyi gane kukan yunwa da na barci. Aikina ya ragu da kusan rabi, albasar rani ta wannan shekara ba ta yi kai ba. Samari suka sa mini suna Uwar Rabi. Nakan ji zafi, ba zan yi muku ƙarya ba, akwai ranakun da nake bin bayan gari don kada in ratsa kasuwa.

Da damina ta faɗi sai ga wani Bature ya sauka garinmu a kan doki, da tafinta, da akwatunan kwalabe a kan jakuna. Lokotoron soja ne, wato likita, siriri, mai jan gemu, yara suka sa masa Mai Kwalabe. Abin da ya kawo shi tsargiya ce. A lokacin yaro namiji ya yi fitsarin jini ba abin magana ba ne a wajenmu, wasu ma suna ɗauka alamar girma ce. Shi kuwa ya ce cuta ce, kuma a jikin ƙananan dodon koɗi na cikin ruwa take zama kafin ta shiga mutum. Mutane suka yi ta dariya a ɓoye. Ya bi tafkuna yana tsintar dodon koɗi, har wata safiya ya iso kududdufin da ke ƙarshen lambuna. Ya duba, ya sake dubawa, ya sa tafintansa, wani Babarbare mai suna Malam Kyari, ya tambaye ni me ya sa a nan ɓawo ne ya fi yawa, masu rai kaɗan ne.

Na ce ai mai goyo ne ke cinye su.

Na shiga ruwan na lalubo masa ɗaya a jikin kacalla, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa. Ƙwaro ne mai faɗi, launin busasshen ganye, tsawonsa kamar babban yatsa, yana da cizo mai zafi idan ba ka iya kama shi ba. Bayansa cike yake da ƙwai a jere, an manna su tsaf kamar ƙwayar gero a zangarniya. Tun muna yara mun san shi, mun kuma san yana soka bakinsa cikin dodon koɗi ya tsotse. Bature ya karɓa yana jujjuya shi. Ya yi magana mai tsawo, Malam Kyari ya fara dariya kafin ya juya mini ita.

"Ya ce a littattafansu an rubuta wai wannan mai ɗauke da ƙwan ba uwar ba ce, uban ne. Ita ta manna masa ta yi gaba." Ya dubi Rabi a bayana ya ƙara da tasa: "Ashe ɗan'uwanka ka kamo mana."

Na yi dariyar dole. Amma abin ya tsaya mini, don ban yarda ba. Kwana uku ina leƙen ruwa, har ranar da na ga wata ta hau bayan wani, ta ajiye ƙwai biyu uku, ta sauka, suka yi abin da namiji da mace ke yi, ta sake hawa. Tun hantsi har azahar suna haka, sannan ta tafi abinta, shi ya tsaya da kaya. Na je na gaya wa lokotoro, ya sa na maimaita sau biyu yana rubutawa.

Abin da ya dame shi shi ne, me ya sa ƙwaron ya yi yawa a kududdufina da wasu ƙananan ruwaye na wajen Dungu, amma a babban tafkin da yaran gari ke wanka da wuya ka ga ɗaya, dodon koɗi kuwa kamar tsakuwa. Ya roƙe ni in riƙa lura. Aikin ya dace da ni, tunda dama mai goyo ba ya nisa, kuma Rabi na son bakin ruwa. Damina guda na yi ina wannan kallo tsakanin noma da noma, kuma ga abin da na gani da idona.

Namijin nan idan an manna masa ƙwai ba ya iya tashi sama, don a kan fukafukansa suke. Iyonsa ma ya yi nauyi. Kuma ƙwan ba ya son ya daɗe a ƙarƙashin ruwa, sai ya riƙa maƙalewa a jikin kara kusa da sama, yana ɗaga bayansa yana saukewa don iska ta taɓa su, yana shafa su da ƙafafun baya. A kududdufina kacalla ta yi duhu, bado ya rufe ruwa, talibambam da dodon koɗi suna zuwa har inda yake, ba sai ya fita farauta ba. A nan yakan riƙe kayansa har su ƙyanƙyashe, ka ga ƴan mitsi-mitsi farare suna zamewa daga bayansa ɗaya bayan ɗaya. A babban tafki kuwa mata sun yanke kacalla kaf don tabarma da jinka, bakin ruwa ya zama fili. Zalɓe na tsaye a sama, tarwaɗa na yawo a ƙasa. In ya hau, tsuntsu ya tsince shi, in ya nutse ya daɗe, ƙwan ya yi farin gashi ya ruɓe. Sau biyu na ga wanda zalɓe ya kai wa sara ya kuskure, ya sa ƙafafun baya ya kankare ƙwan gaba ɗaya kamar faifai, ya tsere da ransa.

Da na faɗa wa lokotoro wannan sai ya ce mu gwada. Muka samo randa biyu daga wajen Inna, ba da son ranta ba. Kowace muka zuba ruwan tafki da kara da masu goyo uku uku, ɗaya muka ƙara mata ƙaramar tarwaɗa wadda bakinta bai isa ya haɗiye su ba. Na randar da babu kifi suka zauna a sama suna aikinsu, duka suka ƙyanƙyashe. Na ɗaya randar suka lafe a gindin kara, ba sa hawowa sai numfashi ya kama su, biyu suka zubar da ƙwan kafin mako ya cika. Kifin bai ci kowa ba, ganinsa kawai ya isa. Bature ya yi ta buga cinyarsa yana surutu da harshensu. Ya je ya roƙi masu gari a riƙa barin kacalla a gefe ɗaya na kowane ruwa. Wasu suka bari, wasu suka ce tabarma ta fi musu ƙwaro. Ba zan ce muku mun kori tsargiya ba, har yau tana nan. Abin da na sani, nawa ruwan ban taɓa bari an aske shi ba.

A cikin wannan damina wani abu ya canja a gida wanda ban lura da shi ba sai daga baya. Inna Hassu ta fara kawo mini fura lambu da kanta, wai tana zuwa duba randunanta. Takan zauna nesa kaɗan tana tsinkar zogale, ba ta kiran Rabi, ba ta miƙa mata hannu. Wata rana yarinyar ta taka da ƙafarta ta je ta zauna kusa da ita tana wasa da ganyen. Inna ta ɗago ta harare ni don kada in yi magana. Baffa kuwa bai daina faɗa ba, amma na zo wata safiya na tarar an kafa ƴar rumfa ta kara a gindin giginya, da na tambaya ya ce shi bai san komai ba, ƙila masu kiwo ne.

Da gero ya fara nuna lokotoro ya shirya komawa. Ya kira ni masaukinsa, Malam Kyari ya ce:

"Yana son ka bi shi Damagaram. Za ka riƙa yawo da shi ƙasa ƙasa kuna duba ruwaye. Akwai albashi, akwai kaki, kuma za a ba ka takarda, gardi ba zai sake taɓa ka da aikin dole ba. Ya ce bai taɓa samun mai ido irin naka ba."

Na tambaya ko zan iya tafiya da yarinya. Baturen ya dubi Rabi, ya girgiza kai a hankali. Tafiyar doki ce, in ji shi, wata biyu, wata uku a daji, wani lokaci har shekara ba a dawo ba. Ya ba ni kwana uku in yi shawara.

Baffa da ya ji sai ya miƙe tsaye.

"Shawarar me? Mutane na neman wannan da kuka! Ga Innarka, yarinya ta fara sabawa da ita. Bana gidanmu ne za a ɗauki mutum aikin hanya, ka sani. Ni ne zan tafi da wannan gwiwar, ko kai?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ina son aikin. Wannan ne abin da ba a gaya muku. Ina son in hau doki in ga ƙasashe, ina son wannan kallon ruwa da aka ce ilimi ne, ni da ban taɓa jin an yabi idona ba. Kwana biyu ina juya abin. Na ga Rabi ta yarda Inna ta ba ta abinci, amma har lokacin in na shiga bayan rake ta daina ganina sai ta ajiye abin da ke hannunta ta tsaya cak, ba kuka, ba motsi, sai na fito. Aikin hanya wata biyu ne ko uku, in Allah ya sa da kwana mutum ya dawo. Aikin Bature kuwa ba shi da ranar dawowa. Rana ta uku na je na ce masa na gode, ba zan iya ba. Bai yi fushi ba. Ya ba ni hannu, ya ba ni wani ɗan madubi mai ƙara girman abu, ya ce shi ma ya bar ƴa a ƙasarsu, rabonsa da ita shekara huɗu. Aikin ya faɗa hannun Sule ɗan maƙwabcinmu, wanda kuka san gidansu da jikokinsa masu manyan ofisoshi. Na yi masa hassada shekara biyu cur, daga baya Allah ya yaye mini.

Bayan an gama shigar da hatsi gardi ya zo, ni aka ɗauka aikin hanya. Baffa ya yi mako ba ya amsa gaisuwata, amma ranar tafiya shi ya raka ni har bakin gari. Inna ta riƙe Rabi a zaure. Ban ɓuya ba, na durƙusa na gaya mata zan tafi zan dawo, ko ta gane ko ba ta gane ba. Na ji kukanta har na wuce marina.

Aikin hanya ba zan ba ku labarinsa a nan ba. Mun fasa dutse, mun ɗauki ƙasa a ka, mun ci dawa da ba ta dahu ba, mutum biyu daga Yauri ba su dawo ba. Na yi wata uku ba kwana kaɗan. Abin da ya fi dukan gardi ciwo shi ne tunanin zan dawo in tarar da abin da na tarar a Kurni, ko wanda ya fi shi.

Na iso Matameye da hantsi, ƙafafuna duk faso, na rame har wani abokina ya wuce ni bai gane ni ba. Gida babu kowa sai kaji. Wata maƙwabciya ta ce suna lambu. Na bi hanyar fadama. Tun daga nesa na hango Baffa yana ratsa kunyoyin albasa, albasar da ban shuka ba, yana ɗingisa gwiwarsa, da yarinya zaune a wuyansa ta riƙe hularsa da hannu biyu. Ta yi kumatu. Tana ba shi umarni da baki cike da magana, ita da na bari tana haɗa kalma biyu da ƙyar. Da ya gan ni ya yi sauri zai sauke ta, sai kuma ya fasa, ya tsaya ya ɗaure fuska.

"Ka dawo? To, sannu. Ita ce ta ce ƙafarta na ciwo."

Inna ta fito daga cikin rake tana salati tana kuka. Aka sauke Rabi. Ta ɓuya bayan zanen Inna tana leƙena da ido ɗaya.

"Wane ne wannan?" in ji ta.

Na zauna a ƙasa. Ban kira ta ba. Inna ta fara ba ni labarin gida, wa ya haihu, wa ya rasu, Baffa yana gyara mata. Can sai na ji an dafa gwiwata. Ta zo ta tsaya tana duban fason ƙafata, ta taɓa shi da yatsa, ta dubi fuskata ta daɗe. A hannunta akwai guntun rake da ta tauna rabi, duk yawu da ƙasa. Ta miƙo shi har bakina.

"Ci," ta ce. "Ka rame."

Na ci.